Tsakanin Gona, Aji da Gidan Makaɗa: Ɗalibin Kiɗa a Lokacin Kaka

Lacca da aka gabatar a garin Mirriya, jihar Damagaram

  

Gabatarwa

A ƙasar Damagaram, watanni uku na ƙarshen shekara ba sa barin kowa ya zauna. Ruwan sama, wanda a wannan yanki yakan tsaya wajen milimita 400 a shekara, yana ɗaukewa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Hatsi ya nuna, wake na jiran roro, gyaɗa na jiran cira. A makon da manomi ke neman ƙarin hannuwa, a makon ne ake buɗe makarantu, domin da Oktoba shekarar karatu take farawa a Nijar. Da zarar dammuna sun shiga rumbu, kuɗi ya ɗan taɓa aljihu, sai bukukuwan da aka ɗage tun bazara su taso: aure, naɗin sarauta, kokowa.

Akwai wanda kiran nan uku ke faɗowa a kansa lokaci guda, wato matashi ko matashiya mai koyon kiɗa. Gona na son ƙarfinsa, aji na son hankalinsa, maigidansa na kiɗa na son hannunsa da muryarsa. Laccar nan za ta bi shi cikin waɗannan watanni don ta nuna abu ɗaya: da kaka ɗalibin kiɗa ya fi koyo, da kaka kuma ya fi saurin watsar da lakwal ko ya watsar da kiɗan, alhali abin da zai hana haka yana nan cikin gari irin Mirriya.

Wane ne ɗalibin kiɗa a Damagaram?

Cibiyar koyon kiɗa da ta fi suna a Nijar tana Yamai. Ita ce Cibiyar Horo da Bunƙasa Kiɗa ta Alhaji Taya, wadda aka fi sani da CFPM, aka buɗe ta a 1989. Tana da ma'ajiyar kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar, kuma cikin waɗanda suka gogu a can akwai mai sarewa Yacouba Moumouni, wanda ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey tare da Abdallah Alhassane a 1995. Jami'ar Abdou Moumouni ma ta buɗe sashen fasaha da al'adu. Sai dai tsakanin Damagaram da Yamai akwai kusan kilomita 900, tafiyar yini guda cur a bas, ga kuɗin masauki, ga na abinci. Yaran Mirriya kaɗan ne iyayensu za su iya ɗaukar wannan nauyi.

Shi ya sa ɗaliban kiɗa na wannan yanki suka kasu kashi uku. Akwai ɗan gado, wanda ya buɗe ido ya ga kalangu ko algaita rataye a ɗakin mahaifinsa. Akwai ɗan lakwal, wanda yake kwaleji ko lise, ko makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, ko Jami'ar André Salifou da aka kafa a Damagaram a 2010, yana koyon gita ko fiyano a hannun wani ɗan orkesta a lokacin da ba shi da darasi. Akwai kuma ɗan situdiyo, mai haɗa kiɗa a kwamfuta, kunnensa na Kano, inda waƙoƙin finafinan Hausa suka mayar da fiyanon Yamaha uwar kayan kiɗa. A yau sau da yawa yaro ɗaya ne yake ɗauke da ukun: ɗan makaɗa ne, yana aji na ƙarshe a lise, kuma yana da waƙoƙi biyu ko uku da ke yawo a wayoyin abokansa.

Makarantar gado ta girmi sauran nesa ba kusa ba. Mirriya na cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki, tana da sarautarta tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta mamaye maƙwabtanta a ƙarni na 19. Sarauta kuwa ba ta tafiya sai da tambari da kakaki da algaita. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma rasu a 1884, fadar Damagaram ta zama matattarar masu sana'a daga Barno da Kano da Agadas. Turawan Faransa sun ci garin Damagaram a 1899, sun mai da shi babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, amma kiɗan fada bai yanke ba. Daga wannan gidan ne Ma'azu Ɗan Alalo ya yi suna, mawaƙin da dattawan Damagaram har yau suke komawa ga waƙoƙinsa in ana zancen abin da ya faru zamanin Turawa. Duk wannan ilimi daga baki zuwa kunne ya taho, daga hannun uba zuwa hannun ɗa.

Yini guda a watan Oktoba

A ɗauki ɗan gidan makaɗa da ke zaune a Mirriya yana karatu a Damagaram, mai nisan kimanin kilomita 18. Bayan sallar asuba yana da ɗan lokaci kafin gari ya waye sosai, kuma shi ne kawai lokacin da yake da shi na kansa. Mai koyon kalangu yakan zauna ya yi ta maimaita taken da aka ba shi jiya a kan cinyarsa, ba tare da ganga ba, don kada ya tashi maƙwabta. Mai koyon algaita yakan yi aikin numfashi: ya tara iska a kumatu, ya riƙa tura ta waje yayin da yake shaƙar wata ta hanci, don kada sauti ya yanke. Mabusa a ƙasashe da yawa suna koyon wannan da siririn kara da kofin ruwa, sai kumfa ta daɗe tana tashi ba tsayawa sannan a ce yaro ya fara kamawa. Wata da watanni ake yi kafin a iya.

Daga nan sai neman mota ko kabu-kabu, don a riski darasin ƙarfe takwas. Makonnin farko na rantire, wato komawa aji, suna da nasu nauyi: kuɗin rajista, littattafai, kaye da biro, ga sababbin malamai da ba su san shi ba. Wanda zai zauna jarrabawar birbe ko bak a ƙarshen shekara ya san duk darasin da ya kuɓuce masa a Oktoba zai biyo shi bashi a watan Yuni.

Da ya dawo, gona ce. A kwantar da kara, a yanke zangarniya, a ɗaure dami, a ɗora a amalanke, a kai rumbu. Aikin ba ya jira, don tsuntsu da ɓarawo da dabbobin da ke dawowa daga kiwo duk suna kallon gonar. Ranakun Asabar da Lahadi kuwa daga safe har la'asar ne. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda girbi ke taɓa kayan aikin ɗalibin kiɗa na farko, wato jikinsa. Yatsun da suka wuni suna ɗaurin dami sukan sandare, su tsage, ba sa gudu a kan tsirkiyar gurmi ko ta gita da dare. Ƙaiƙayin hatsi da ƙurar sussuka suna shiga maƙogwaro, ɗan amshi ya wayi gari murya ta dishe. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda a Nijar yake kaiwa ƙololuwa a ƙarshen damina da farkon kaka. Kwana huɗu a kwance sun isa su raba yaro da darasi, da gona, da bikin da ya sa rai zai samu kuɗin littafi.

Bayan isha'i ake zuwa gidan maigida. A gidan makaɗan kalangu, yaro ba ya fara taɓa babbar ganga. Da kuntukuru yake farawa, ƙaramar gangar da aikinta shi ne ta riƙe bugu ɗaya ba ta kauce ba, komai abin da manyan ke yi a kanta. Yana ɗaukar kaya, yana shimfiɗa tabarma, yana cikin 'yan amshi. Ba a zaunar da shi a ce yau ga darasi kaza. Yana saurare, yana kwaikwayo, in ya kauce a harare shi ko a ɗan taɓa shi da gula. Wanda ya ƙware a kuntukuru ake ba ɗan karɓi, daga nan a hankali har ya kai ga riƙe uwar kalangu.

Lokacin da kayan kiɗa ke samuwa

Kaka tana da wata baiwa da babu lokacin da ya kai ta: a cikinta ake samun kusan duk abin da ake yin kayan kiɗan Hausa da shi. Duman da ya yaɗu a gona da kan danga da damina yanzu ya ƙosa. Za a cire, a bar shi ya bushe, a fafe, a kankare. Daga nan ake samun ƙoƙon goge, da na gurmi, da ƙwaryar kiɗan mata, da dogon shantu. Ɗalibin da ya bi maigidansa kasuwa, irin kasuwar Lahadi ta nan Mirriya, ya ga yadda yake ƙwanƙwasa ƙwarya da yatsa yana saurare kafin ya taya, ya koyi abin da ba ya cikin kowane littafi: kauri da faɗin ƙoƙo su ne ke yanke irin muryar da kayan zai yi.

Goge misali ne mai kyau. Ana rufe ƙoƙonsa da fatar guza, a yi tsirkiya da gashin wutsiyar doki, a goga ƙaro a jikin bakan don ya kama. Kalangu kuwa kango ne na itace mai siririn ƙugu, an rufe bakinsa biyu da fatar akuya marar kauri, an haɗa su da igiyoyin fata. Duk waɗannan abubuwa ne masu shan laima. Da damina fata takan saki, sauti ya yi nauyi, har sai an shanya ganga a rana ko an kanga ta kusa da wuta kafin a fara. Da kaka iska ta bushe, fata ta ɗame, ganga ta yi zaƙi. Shi ne lokacin da kunnen ɗalibi ke jin ainihin muryar kayansa. Amma in hunturu ya shigo a ƙarshen Nuwamba, bushewar takan wuce kima: fata ta fashe, ƙoƙo ya tsage, a nemi gyartai. Kayan zamani ma ba su tsira ba. Wuyan gita yakan lanƙwashe, ƙura ta shiga ƙarƙashin maɓallan fiyano su daina amsawa. Ɗalibin da bai koyi nannaɗe kayansa da zane ba, bai koyi sassauta tsirkiya bayan wasa ba, zai kai Janairu ba shi da abin kaɗawa.

Kara ma kayan kiɗa ne. Bayan girbi yara kan yanki karan dawa su ɗaga ɗan siririn harshe a jikinsa su yi tilliɓoro, abin busar da yara da yawa a karkara suka fara koyon sarrafa numfashi da shi. Daga karan nan ne kuma wasan kara na Damagaram ya samo sunansa, wasan da matasa ke kwaikwayon sarki da fadawa da manyan gwamnati. Wasa ne, amma yaron da aka ba aikin makaɗin sarkin wasa dole ya san abin da makaɗin fada na gaske yake yi.

Kunne da takarda

Ɗalibin da ke zuwa wurin maigida da kuma wurin mai koyar da fiyano yana karatu ne da hanyoyi biyu da ba koyaushe suke jituwa ba.

A gidan makaɗa, kiɗa magana ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko tana sauka, wata kuma ta faɗo daga sama zuwa ƙasa. Makaɗin kalangu yana matse igiyoyin a hammatarsa, fata ta ɗame, sauti ya hau. Ya saki, sauti ya sauka. Da haka yake faɗin take da kirari, mai shi ya ji daga nesa ya san da shi ake. Kowace sarauta da takenta, kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, gangar noma ta manoma, kakaki da tambari na sarki kaɗai. Ɗalibi dole ya haddace wane take ne na wa, ya san asalin gidan da tarihinsa, domin kaɗa wa basarake taken wani ba ƙaramin laifi ba ne. Saboda haka rabin karatunsa tarihi ne da nasaba.

A ɗakin fiyano kuwa, kiɗa lissafi ne. Ana koya masa do, re, mi, fa, sol, la, si, wato solfej, tsarin da asalinsa ke komawa ga wani malamin coci na Italiya mai suna Guido na Arezzo a ƙarni na 11. Ana gaya masa cewa sautin la da ake daidaita kaya da shi yana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kuma an raba tsani zuwa matakai 12 daidai wa daida. Yana koyon rubuta kiɗa a layuka biyar, yana koyon haɗa sautuka uku su tashi tare. Da ya koma gida ya gwada waƙar kakansa a kan fiyano, sai ya gano abu biyu. Na farko, yawancin waƙoƙin Hausa a kan sautuka biyar suke tafiya. Na biyu, wasu sautukan goge da algaita suna faɗawa ne tsakanin maɓalli da maɓalli, fiyano ba ta da su.

A nan ne ɗalibai da yawa suke yin kuskure mai tsada, su ɗauka abin da fiyano ba ta da shi karkatacce ne, su gyara waƙar har ta rasa ɗanɗanonta. Wasu kuma su raina takarda, su ce kakanninsu ba su yi solfej ba. Ɗalibin da ya yi sa'ar malami nagari yakan gane amfanin kowanne. Takarda ce ke ba shi damar zama da makaɗan Bamako ko na Faransa su yi aiki tare a yini ɗaya, ita ce kuma ke ajiye tsarin waƙa in mai ita ya kau. Kunne ne ke ba shi abin da zai kai musu wanda ba su da shi. Wayar salula ta ƙara masa hanya ta uku, don yanzu yana iya naɗar maigidansa da izininsa, ya saurara sau ashirin a kan hanyar Damagaram.

Dare, biki da kuɗi

Daga Nuwamba aiki ke buɗewa. Mako guda na iya zuwa da biki uku, wani a cikin gari, wani a ƙauyen da sai an kwana. A filin biki ne ɗalibi yake koyon abin da ba a koyarwa a zaure: yadda ake karanta taro, lokacin da za a sauya kiɗa in rawa ta yi sanyi, yadda sanƙira ke shigar da sunan baƙon da ya iso, yadda ake ci gaba in igiya ta tsinke. Wata biyu na kaka suna ba shi gogewar da watanni shida na zama a gida ba su ba shi ba.

Kuɗin ma yana da amfani. Abin da aka liƙa maigida ne ke tarawa ya raba, kuma rabon yaro shi ne mafi ƙanƙanta, amma jika ɗaya ko biyu a dare suna sayen kaye, suna biyan kuɗin mota na kwanaki. Akwai ɗaliban da da wannan kuɗin suke riƙe kansu a lakwal. Matsalar ita ce wanda ya dawo gida ƙarfe biyu na dare ba ya fahimtar lissafi ƙarfe takwas na safe. Sai maki ya fara sauka daidai lokacin da jarrabawar zangon farko ke matsowa a Disamba. A wannan watan ne kuma ake shirin bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriya a 1958, bikin da ya riƙa zagaya jihohi, wanda Damagaram ta karɓa a 2018. Bayansa ga gasar kokowa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, da zaɓen 'yan kokowar jiha da ake yi kafin ta, a filaye irin na Langa-Langa. Duk inda ake kokowa ana neman makaɗa. Yaron da ke ganin kuɗi a hannu yau, ga maki na faɗuwa, ba wuya ya ce lakwal ta ishe shi. Wani kuma mahaifinsa ne zai ga takardar sakamako ya karɓe gitar ya kulle.

Akwai wata asara da ba a gani sai bayan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babba yana jure ƙarar da ta kai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Lasifikar biki ta wuce wannan ma'auni nesa, kuma ƙananan yaran ƙungiya su ake zaunarwa a gindinta. Ƙugin da yaro ke ji a kunne bayan an tashi gargaɗi ne. Matsar da lasifika gaba da makaɗa, da toshe kunne da abin toshewa mai arha, suna kare abin da sana'ar gaba ɗaya ta dogara a kai.

Sai kuma nauyin da ke zuciya. Al'ummar Hausa tana son kiɗa a ranar farin cikinta, amma ta daɗe tana ajiye makaɗi a ƙasan tsani, tana kiran sana'arsa roƙo. Ɗan makaɗa yakan ɓoye gidansu a aji, ɗan malam ko ɗan attajiri yakan ɓoye gitarsa a gidan aboki. Damuwar iyaye game da yawon dare da miyagun abokai damuwa ce ta gaskiya, kuma hanyar magance ta ita ce a san inda yaro yake, a san wanda yake koya masa, a san lokacin da zai dawo.

Darasi daga Malam Mamman Barka

Jihar nan ta fitar da mutumin da ya nuna cewa aji da kiɗa suna zama a jiki ɗaya. An haifi Malam Mamman Barka a Tasker a ƙarshen shekarun 1950, ɗan makiyaya Tubawa, ba ɗan gidan makaɗa ba. Ya yi karatu ya zama malamin lakwal, daga nan laƙabin Malam ya bi shi. Da gurmi mai tsirkiya biyu ya yi suna a Nijar da Arewacin Najeriya, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasar.

A 2002, bayan ya riga ya shahara, ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin Tafkin Chadi ya koma ɗalibi. Abin da ya je koyo shi ne biram, kayan kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Dattijo ɗaya ne ya rage da ya iya shi sosai, Boukar Tar, kuma matasan yankin ba su zo koyo ba. Barka ya zauna a gabansa, ya koyi kaɗawa da waƙoƙin da ma'anarsu, dattijon ya ba shi biram ɗinsa. Bayan rasuwar Boukar Tar, Barka ya kai wannan kiɗa Turai tare da abokinsa makaɗi Oumarou Adamou, faifansu ya fito a 2009. Ya rasu a Yamai a watan Nuwamba 2018.

Abu biyu ne a cikin wannan labari. Karatun lakwal ne ya ba Barka damar neman tallafi, da rubuta abin da ya koya, da bayyana shi ga duniya. Kuma tallafin kuɗi ne ya saya masa lokacin zama gaban dattijo. Ɗalibin Mirriya yana da dattawansa a bakin ƙofa, ba ya buƙatar zuwa Tafkin Chadi. Lokaci ne ba shi da shi.

Ɗaliba mace

Duk abin da aka faɗa ya ninka a kan yarinya. Da kaka ita ce a sussuka da sheƙa da daka, ita ce a ɗiban ruwa, a Mirriya wataƙila har da taya uwa ginin tukwane da kai su kasuwa. Fita da dare ba nata ba ne. Amma kiɗan mata makaranta ce mai zaman kanta: kiɗan ƙwarya, da shantu, da waƙoƙin daka da na gaɗa, da aikin zabiya a gidan biki. A cikin gida ake koyonsu, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa tunda lasifika ta maye gurbinsu a bukukuwa. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad ta koyi gita ne da ta ɗan'uwanta, ta haɗa ta da kiɗan tende na matan Abzinawa, ƙungiyarta ta zagaya Turai da Amurka. Abin da ya ɗaga ta shi ne kiɗan iyayenta mata da ta riƙe. Yarinyar Mirriya tana buƙatar darasi da rana, a wurin da iyayenta suka yarda da shi, a hannun mace in da hali.

Abin da gari zai iya yi

Na farko, yarjejeniya tsakanin mutum uku: uba, da shugaban makaranta, da maigidan kiɗa. Daga Oktoba zuwa Disamba, ɗalibi ya bi ƙungiya daren Juma'a da daren Asabar kaɗai, a bar masa sauran darare, a kuma sallame shi gaba ɗaya mako biyu kafin jarrabawa. Wannan ba ya cin ko dala.

Na biyu, a shigo da dattawan makaɗa da mabusa da zabiyoyi cikin makaranta, awa biyu a mako da rana, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. Ƙasar Mali ta yi haka a babbar makarantar fasaha ta Balla Fasséké Kouyaté da ta buɗe a Bamako a 2004, inda gwanayen kora da balafon suke koyarwa kusa da malaman fiyano. Ƙungiyar iyayen yara da ma'aikatar magajin gari za su iya fara ƙaramin irinsa.

Na uku, ɗaki guda a gidan matasa, mai ƙofa da makulli, da faifan hasken rana, da fiyano ɗaya, da gita biyu, da kalangai, da goge, da gurmi, da jadawalin wanda zai shiga da lokacinsa, har da ranakun 'yan mata. Tunda kaka ce lokacin duma da kara, a sa darasin haɗa kayan kiɗa da gyaransu a watan Nuwamba.

Na huɗu, ɗaliban tarihi da na harsuna na Jami'ar André Salifou, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19, su haɗu da ɗaliban kiɗa su naɗi take da kirarin sarautun Mirriya da maƙwabtanta, da izinin masu su, da sunan kowane makaɗi a jikin abin da ya kaɗa. A ajiye kwafi a fada, a ajiye a jami'a. Matasa masu sababbin waƙoƙi kuma a nuna musu hanyar yin rajista a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, kafin waƙa ta bazu a wayoyi.

Daga cikin huɗun nan, na farko ana iya ƙulla shi a wannan makon. Ana roƙon shugabannin makarantu da ke wannan zaure su rubuta sunayen ɗalibansu masu koyon kiɗa, su miƙa wa sarkin makaɗa, a sa ranar zama da iyayen yaran kafin a shiga jarrabawar Disamba.